Daga Gyartai Zuwa Bakanike: Tarihin Sana'ar Gyara a Dundaye da Kewayen Birnin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin sana'o'in Hausawa sun fi mayar da hankali ga wanda ya ƙera da wanda ya saƙa da wanda ya gina. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci, amma ba kasafai akan tsaya a tambayi abin da ke faruwa ga kaya bayan sun bar hannun mai yin su ba. Alhali kuwa fartanya sau ɗaya ake ƙera ta, amma takan koma maƙera sau da yawa kafin ta ƙare. Haka riga, haka ƙwarya, haka ɗaki. Mafi yawan rayuwar kowane kaya a hannun mai gyara take.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin gyara, a matsayinsa na sana'a da kuma ɗabi'a, tun daga kafuwar birnin Sakkwato a shekarar 1809 har zuwa yau. An ɗauki Dundaye a matsayin madubi domin wuri ne da ƙauye da birni suka yi kiciɓis. Gunduma ce ta manoma da masunta a gefen fadamar kogin Rima, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, kuma a ƙasarta ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, gyara tukunya ce da ke zaune a kan duwatsun murhu uku: kayan da aka yi su yadda za su gyaru, da gwanin da ke kusa, da amana tsakanin mai kaya da mai gyara. Duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya gusa, tukunyar takan karkata. Tarihin da za a kawo labarin gusawar waɗannan duwatsu ne da komowarsu.

2.0 Gyara a Bakin Bahaushe

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a dubi harshe, domin yawan kalmomin da al'umma ta tanadar wa abu yana nuna yadda ta damu da shi. Bahaushe ba ya kiran kowane gyara da suna ɗaya. Ƙwarya gyarta ta ake yi. Riga a yi mata maho ko banki. Fartanya da dutsen niƙa koɗa su ake yi, wuƙa kuwa a wasa ta. Bango a yi masa yaɓe, jinka a baibaye ta, rijiya a yashe ta, ƙashin da ya karye a yi masa ɗori. Kowace kalma tana tafe da kayan aikinta da gwaninta da lokacinta na shekara.

Kalmar gyara ita kanta ta wuce kayan hannu. Akan yi gyaran hali, da gyaran aure, da gyaran murya. In zumunci ya samu matsala sai a ce a ɗinke ɓaraka, watau dai an aro aikin maɗinki an ba dattijo. Har ɗan ƙarin da mai awo ke yi wa mai saye a kasuwa gyara ake ce masa, domin shi ne ke daidaita zuciyar mai saye. Karin magana kuma ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai harshen bai ɓoye ɗaya fuskar ba. Ya san akwai gyaran da ba ya kai zuci, shi ya kira kwaskwarima. Ya san akwai wanda ke ƙara ɓarna, shi ya kira gyaran gangar Auzinawa. Sa'an nan ga karin maganar da kowa ya sani: ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Wannan ta nuna a fili cewa mai gyaran ƙwarya yana can ƙasa a tsanin daraja, har ya zama abin misali ga wanda ke jin kunyar asalinsa. Al'ummar da ba ta iya kwana ɗaya ba tare da aikin gyartai ba, ita ce kuma ta mayar da shi abin zolaya. Za a sake waiwayar wannan saɓani a gaba, domin yana cikin abubuwan da suka raunana sana'ar.

3.0 Zamanin Daular Usmaniyya

3.1 Dalilin Tattalin Arziki

A ƙarni na goma sha tara, kusan duk abin da ke cikin gidan manomi a fadamar Rima an yi shi ne da abin da ƙasar ta bayar: duma da yumɓu da itace da kaba da fata da auduga da tama. Kayan yi suna kusa, amma aikin sarrafa su yana da tsawo. Kafin ƙarfe ya zama ruwan fartanya sai an haƙo tama, an sari itace an yi gawayi, an gina rahoniya, an kwana ana narki. Kafin auduga ta zama riga sai an gurje ta, an shiɓe, an kaɗa zare, an saƙa sawaye 'yan sirara, an harhaɗa su da allura. Duk wanda ya ga wannan wahala da idonsa ba zai jefar da abu don ya tsage ko ya dakushe ba. Kuɗin gyara kaɗan ne ƙwarai in an gwada da kuɗin sabo, kuma wannan lissafi shi ne tushen al'amarin.

Sakkwato ta yi suna a waɗannan sana'o'i tun da wuri. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Wurno da Sakkwato a 1853, ya yaba kayan fata da ya gani a kasuwar birnin, ya kuma ce ƙarfen da ake sayarwa a nan ya fi na Kano kyau. Har yau sunayen shiyoyin birnin suna ba da shaida: Maƙera Assada, da Majema, da Marina, da Maɗunka, wadda sunanta ya fito daga ɗunki, watau yadda Basakkwace ke faɗin ɗinki. Abin lura shi ne, a wancan zamani mai yi shi ne mai gyara. Maƙerin da ya ƙera garma shi zai koɗa ta, badukun da ya ɗinka takalmi shi zai sake masa maɗauri. Saboda haka tun wurin yi yakan yi la'akari da ranar da kayan za su komo hannunsa.

3.2 Dalilin Addini da Shari'a

Shugabannin jihadi ba su ɗauki sana'a abin wasa ba. A cikin Usulus Siyasa, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da wasunsu, ya kuma yi umurni a rarraba su cikin garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukatar jama'a. Wannan shi ne dutsen murhu na biyu, watau gwani a kusa, an mayar da shi manufar mulki.

Malaman da suka karantar da jama'a kuma suna da abin kafa hujja. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i da Suratul A'arafi. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan gyara takalminsa ya kuma ɗinke tufarsa da hannunsa. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa ƙoƙon shansa ya taɓa tsagewa, aka ɗaure tsagar da azurfa aka ci gaba da amfani da shi. Wanda ya tashi da jin waɗannan a makarantar zaure ba zai ga maho a rigarsa abin kunya ba.

Dutse na uku, watau amana, shari'a ce ta tsare shi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid wadda kowane almajirin ilimi ke karantawa a ƙasar Hausa, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamunin su in sun ɓata ko sun lalace, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Malamai sun bayyana cewa an yi wannan hukunci ne don maslahar jama'a, tun da ba makawa sai mutane sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Ke nan wanda ya kai rigarsa marina ko sirdinsa wurin baduku ya san akwai alƙalin da zai saurare shi.

3.3 Yadda Ake Gyaran

Gyartai shi ne ya fi cancanta a fara da shi. Yawo yake yi gida gida da kasuwa kasuwa, kayan aikinsa ba su wuce basilla da 'yar wuƙa da zaren kaba ko wata igiya mai ƙwari ba. In an kawo masa ƙwaryar da ta tsage, sai ya huda ƙananan kafofi a jere a gefe biyu na tsagar, ya bi su da ɗinki yana ja yana matsewa har bakin ya haɗu. In an zuba ruwa zaren yakan kumbura ya toshe kafofin. Masakin da matar gida ke tankaɗe a ciki, da ƙwaryar nonon Bafillata, da babban goran da masunci ke hawa a kogi, duk sukan bi ta hannunsa. In ƙwarya ta wuce gyarta ma ba a yar da ita. Wani ɓangare ya zama marar kwasar tuwo, wani ya zama sakainar kwashe shara ko ta ba kaji ruwa. Tukunyar da ta fashe kuwa gindinta ya zama kasko. A ƙarshe abin da ya rage a kai shi juji, jujin kuma jakuna su kwashe shi zuwa gona ya zama taki.

Maƙeri aikinsa yana bin damina. Da bazara ta kama, manoma kan kawo garemani da fartanyoyi da sungumai a koɗa, a sake ƙota, wanda bakinsa ya cinye a ƙara masa ƙarfe. Da kaka kuma sai lauje da magirbi. Fartanyar da ta ƙanƙance har ba ta noma sai a mayar da ita wuƙa, wuƙar in ta sirance ta zama basilla ko allura. Ƙarfe ba ya mutuwa a maƙera, suna kawai yake sakewa. A ƙauyuka da yawa ba nan take ake biyan maƙeri ba, sai an yi girbi a kai masa dami. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka san juna, suka kuma san za su sake bukatar juna baɗi.

Tufa ma tana da tata tafiyar. Babbar riga in ta koɗe akan mayar da ita marina a sake tsoma ta a baba, a kai ta mabuga ta fito tana ƙyalli. In wuyanta ya mutu a sake shi. In ta gaji da wannan a rage ta ta zama ta yaro, daga nan ta zama tsumma, tsumman ya zama gammo ko lagwanin fitila.

Gini shi ne ya fi nuna cewa gyara yana cikin tsarin abin tun farko. Wanda ya gina ɗakin ƙasa ya san ya ɗauki alkawarin yaɓe. Bayan kowace damina akan duba inda ruwa ya zaizaye, a kwaɓa ƙasa a mayar, a gyara indararo. Magina sukan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwashe daga karofi da gashin da majema suka kankare daga fata. A nan sharar sana'a biyu ta zama maganin yoyon sana'a ta uku. In ɗaki ya faɗi, a zare azara a ajiye, ƙasar kuma a sake kwaɓa ta a yi tubali. Ganuwar gari ma haka ake yi mata, sai dai ita aikin gayya ne da hukuma ke kira.

Malamai su ma ba a bar su a baya ba. Takarda daga nesa take zuwa, yawancinta daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Sahara, irin mai tambarin jinjirin wata uku. Don haka warƙar da ta yage akan ɗinke ta da zare ko a manna mata ƙyallen takarda, wadda ta ɓata a nemi wani kofi a kwafo ta a mayar, sa'an nan a tsare littafin cikin tadarishi da gafaka. Mai duba tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a Sakkwato, a gidajen malamai ko a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, zai ga ba don irin wannan hidima ba da yawancinsu ba su iso gare mu ba.

4.0 Zamanin Turawa, 1903 Zuwa 1960

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abin da ya fi taɓa sana'o'i bayan wannan shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, ta kuma kai Ƙauran Namoda a 1929. Ko da yake dogo bai iso Sakkwato ba, kayan da ya ɗauko sun iso bisa raƙuma da jakuna, daga baya kuma bisa motoci.

Farkon abin da ya sauya shi ne ƙarfe. Guntayen ƙarafan dogo da na tsofaffin motoci da ganguna sun fi tama sauƙin samu, saboda haka narkin tama ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa a tsakiyar ƙarni na ashirin. Amma ƙira ba ta mutu ba. Maƙeri ya koma yana sarrafa abin da wasu suka yar, ƙarfen sifirin mota ya zama gatari da garma. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda sana'ar ta rayu a kan irin wannan tsohon ƙarfe.

Na biyu, sababbin kaya sun haifi sababbin masu gyara. Keke ya zo da mai gyaran keke da mai faci, keken ɗinki ya zo da tela, agogo da fitilar ƙwai da kwado da akwatin rediyo kowanne ya zo da gwaninsa. Harshe ma ya buɗe ƙofa: faci da walda da sabis da garambawul da bakanike duk daga Ingilishi aka aro su, suka zauna tare da maho da koɗa ba tare da sun kore su ba. Dalilin da ya sa wannan zamani bai karya gyara ba shi ne, kayan Turawa na lokacin da ƙusa da noti aka ɗaure su. Ana iya kwance su, a ga abin da ya lalace, a sake shi ko a ƙera madadinsa. Kuma suna da tsada, har mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗin keke. Duwatsun murhu uku suna nan, tukunyar ce kawai aka sake.

Wanda ya fara jin jiki shi ne gyartai. Kwanonin sha da langa da fanteka masu fenti sun shiga ɗakunan amare, suka zama abin jere da ado, ƙwarya ta fara komawa madafa da rugga.

5.0 Shekarun Man Fetur

Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, a shekarar da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki. An fara amfani da naira a 1973, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen wannan shekara, sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya biyo baya. A 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977, aka sake mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Da aka fara gine-ginen mazauninta na dindindin, mutanen Dundaye da ƙauyukan kewaye suka wayi gari da maƙwabciya mai albashi da motoci da gidajen siminti, da yawansu kuma suka sami aikin leburanci da gadi da masinjanci.

A wannan zamani ne lissafin da aka ambata a baya ya juye. Naira tana da ƙarfi, kayan waje suna da araha, ladan aikin hannu kuwa ya tashi. A karo na farko a tarihin yankin, sayen sabo ya zo daidai da kuɗin gyara, wani lokaci ma ya fi shi sauƙi. Daɗin daɗawa, sai ga roba. Bokiti da kofi da buta da takalmi na roba ba su da nauyi, ba su da tsada, amma ba su karɓar basilla. An sami masu liƙin roba da ke yawo da garwashi da guntun ƙarfe suna narka wani yanki su toshe wani, sai dai robar da rana ta gasa takan sake tsagewa a gefen liƙin. Abin da ya fi muni shi ne ƙarshenta. Sakaina takan ruɓe ta zama taki, roba da leda kuwa in sun bi taki zuwa gona nan za su zauna, in dabba ta haɗiye su kuma su zame mata ajali.

Siminti da kwanon rufi su ma sun sauya ma'anar gida. Mutane sun karɓe su hannu bibbiyu domin sun hutar da su daga yaɓen kowace shekara, kuma ba wanda zai zarge su a kan haka. Amma hutun ya zo da hasara: al'adar duba gini bayan damina ta yi rauni, aka ɗauka abin da aka yi da siminti ba ya bukatar waiwaya. Illar wannan zato ta fi bayyana a kayan jama'a, irin su azuzuwan makaranta da famfunan ruwa da magudanai, waɗanda ba su da mai su guda ɗaya, kuma ba a gaji wata gayya da za ta kula da su ba.

6.0 Komowar Gyara

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. Sabon kaya ya gagari ma'aikaci, balle manomi. Nan da nan gyara ya dawo da ƙarfinsa. Malamin jami'ar da a da yake sake mota in ta tsufa ya koma abokin bakanike. Gwanjo da kayan Beljiyam suka cika kasuwa. Masu narka tsohon alminiyum su zuba tukwane, da masu yanka taya su yi takalma da guga, da masu mayar da gwangwani fitila ko mazurari, duk kasuwarsu ta buɗe. Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai suka zama manyan cibiyoyin wannan hikima.

A fadamar Dundaye da Kwalkwalawa babban misali shi ne injin ban ruwa. Manoman rani sun daɗe suna ɗiban ruwa da jigo da ƙwarya, kayan da kowane manomi ke iya gyarawa da kansa. Daga shekarun 1980, musamman kuma da shirin bunƙasa fadama na ƙasa a shekarun 1990, ƙananan injuna masu shan fetur suka maye gurbinsu. Injin ya faɗaɗa gonar albasa da shinkafa, amma ya ɗaure manomi ga bakanike, domin in ya tsaya kwana kaɗan a tsakiyar rani shuka ta ƙone. Dangantakar da ke tsakanin manomi da mai gyaran inji a yau ita ce wadda ke tsakanin kakansa da maƙeri: sanayya, da bashi, da biya bayan an kwashe amfani. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni har aka koma ƙetarewa da jiragen ruwa kafin sojoji su kafa gadar wucin gadi, ta tuna wa kowa cewa tsohon kayan da ake kula da shi yana da ranarsa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta kuma haifi sabon rukunin masu gyara, yawancinsu samari, waɗanda suka koyi aikin ta hanyar zama gaban ubangida kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo. Babura da janareto da kayan wutar sola su ma haka. Bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, tsadar sabon kaya ta ƙara tura jama'a wurinsu.

7.0 Inda Matsalar Take

Duk da wannan komowa, ba a koma gidan jiya ba, domin biyu daga cikin duwatsun murhun sun raunana. Na farko, kaya da yawa na wannan zamani ba a yi su don su gyaru ba. An manne su da gam maimakon noti, an rufe batir a ciki, kayan gyaransu kuma ba su samuwa ko kuwa jabu ne. Wannan dabara ta daɗe: tun a 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya suka haɗa baki suka ƙayyade rayuwar ƙwai ga awa 1,000. Mai yi yanzu yana wata nahiya, ba zai taɓa ganin kayansa sun komo hannunsa ba. Sakamakon haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. 'Yan jari-bola da ke fasa batir da ƙona waya don su fitar da dalma da tagulla suna yin haka ne a bakin lafiyarsu.

Na biyu, amana ta yi rauni. Ƙorafin da ake yi wa masu gyara sananne ne: saɓa alkawari, da musanya kayan asali da jabu, da koyon aiki a kan kayan mutane. Su ma suna da nasu ƙorafin, na masu kawo gyara su ƙi biya ko su bar kaya shekara ba su waiwaya ba. Hukuncin lamunin masu sana'a yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato, amma ba a cika jin an ɗauko shi an auna shagon gyaran waya da shi ba.

Abin mamaki shi ne, ƙasashen da suka ƙago al'adar saye da zubarwa su ne yanzu ke neman hanyar komawa. A 2009 aka buɗe zauren gyara na farko a Amsterdam, inda masu sa kai ke taya mutane gyara kayansu kyauta. Faransa ta wajabta a 2021 a riƙa nuna wa mai saye makin sauƙin gyaran wasu kayan lantarki, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Abin da suke ƙoƙarin farfaɗowa da doka, watau gwani a kusa, shi ne dutsen da har yanzu yake da ƙarfi a wurinmu.

8.0 Kammalawa

An ga yadda gyara ya kasance ginshiƙin zaman gida da gona a yankin Sakkwato a ƙarni na goma sha tara, da yadda ya karɓi kayan Turawa ya hore su, da yadda arzikin mai da roba suka girgiza shi, da yadda tsadar rayuwa ta dawo da shi. Darasin da ke ciki shi ne, wa'azi kaɗai ba ya sa mutane gyara, kuma talauci kaɗai ba ya sa gyara ya yi kyau. Sai kayan sun gyaru, gwani yana kusa, an kuma amince da shi.

Akwai aiki a gaban masana harshe da al'ada. Ilimin gyarta da haɗa laso da ɗinkin warƙa a hannu yake da baki, kuma masu shi tsufa suke yi. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun bincike su tattara kalmomin waɗannan sana'o'i da matakan aikinsu, tare da sababbin kalmomin da ke fitowa daga bakin masu gyaran inji da waya, tun da ƙauyukan da za a yi wannan aiki suna bayan tagar ajinsu. Malaman fiƙihu kuma su dubi yadda hukuncin lamuni zai hau kan sana'o'in yau. Sa'an nan al'umma ta sake duba matsayin da ta ba mai gyara, domin muddin uba yana ganin koyon gyara aikin wanda boko ya ƙi ne, gwanaye za su yi ta ƙaranci. Gyartai ya roƙa a bar tuna baya don kunyar basillarsa. Mu kuwa da muka gaji ƙwaryar da ya ɗinke, tuna bayan ya zame mana wajibi.